Kuɗi Na Hannun Ciyaman, Sanin Jama'a Na Wajen Mai Unguwa

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya ɗora kantomomi ko kwamitin riƙo a gurbinsu. An yi ta murna a gidajen rediyo da majalisun hira, kuma murnar tana da dalili, domin kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa duk wata ba ƙaramar dukiya ba ce, ga shi an daɗe ana kukan cewa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya zama aljihun gwamnoni. Ba a yi wata huɗu ba aka shiga zaɓuɓɓuka, sai ga NNPP ta lashe duka ƙananan hukumomi 44 na Kano, APC ta kwashe duka 23 na Kaduna, kowace jam'iyya mai mulki ta share fagenta tas. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa mutum ɗoki. Amma ko da a ce zaɓen ya tafi daidai, kuɗin ma sun shiga asusun ciyaman ba tare da an taɓa ko kwabo ba, akwai giɓin da hukuncin kotu bai cike ba. Ƙaramar hukuma ba ta san mutanenta ba. Wanda ya san su shi ne mai unguwa, shi kuwa kundin tsarin mulkin 1999 bai ambace shi ko sau ɗaya ba.

A dubi ayyukan da kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma a jadawalinsa na huɗu: rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, kwashe shara, sannan sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da za a iya yi daga kan teburin sakatariya. Kowanne yana bukatar wanda ya san gida nawa ne a lungu kaza, wace ce ta haihu jiya, yara nawa suka isa shiga aji ɗaya, wane kango ne aka mayar juji. Bisa tsari kansila ne idon ƙaramar hukuma a mazaɓa. To jihar Kano tana da mazaɓu 484, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum miliyan 9.4, wato kowane kansila yana wakiltar kusan mutum 20,000 a lissafin wancan lokacin, yau kuwa adadin ya haura haka nesa. Ga shi wa'adinsa galibi shekara biyu ne ko uku gwargwadon dokar jiha, rabinsa yana ƙarewa wajen biyan bashin takara, kuma ya san ba ƙuri'ar unguwa ce ta kawo shi ba, jerin sunayen da aka rubuta a gidan gwamnati ne. Mutum irin wannan ba sai an ce mugu ne ba. Tsarin ne bai ba shi lokaci ko dalilin sanin jama'a ba.

Ƙofar gidan mai unguwa kuwa, bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha, ita ce ofishin gwamnati mafi kusa da talaka, ko da yake babu allo a jikinta. An shimfiɗa tabarma, ga buta a gefe. Maƙwabta biyu sun zo, ɗaya ya ce indararon ɗan'uwansa yana zuba a gindin katangarsa har ta fara rubewa. Mai unguwa ba ya neman taswira, ya san wanda ya fara gini, ya san abin da iyayensu suka yi yarjejeniya a kai, sai ya tashi a je a gani da ido, a ƙare da cewa a karkatar da indararon kafin damina ta kankama. Kafin su watse an kawo yaro ɗan shekara uku da aka tsinta yana kuka a bakin kasuwa, za a ajiye shi a cikin gida wajen iyalin mai unguwa, a ba shi abinci, a sa a yi cigiya a masallatai. Ga saurayi riƙe da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, yana son sa hannu kafin ya wuce wajen dagaci da hakimi, don ba za a karɓe shi aikin soja ko a ba shi gurbin karatu ba sai da ita. Ga mace ta yi yaji, waliyyinta yana nesa, an ce a fara zuwa nan. Duk wannan ana yinsa ba fayil, ba kuɗin shigar da ƙara, kuma da kashi ɗaya cikin goma nasa zai koma kotu ko caji ofis da alƙalai da 'yan sanda sun rasa inda za su sa kansu.

Yadda aka kai ga wannan hali, aiki a wuyan mutum amma doka ba ta san da shi ba, yana da tarihi. Kafin zuwan Turawa hakiman Kano a birni suke zaune, jakadu suke aikawa garuruwan da ke ƙarƙashinsu. Bayan cin Kano a 1903 Turawa suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka tura kowane hakimi ya tare a tasa, aka jera tsani daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma babban aikin tsanin shi ne ƙidayar kawuna da tara haraji da jangali. En'e, wato hukumar gargajiya, ta riƙe kotu da 'yan doka da gidan yari da baitulmali. Daga ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta fara zare waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga majalisun ƙananan hukumomi, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979 suka soke haraji da jangali. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana da hujjarsa, amma an manta da abu guda: rajistar haraji, duk da muninta, ita ce kaɗai littafin da ke ɗauke da sunan kowane magidanci a kowane ƙauye, ana sabunta shi duk shekara. Da aka jefar da harajin sai aka haɗa da littafin, ba a kuma kawo wani a madadinsa ba. Ƙasar da rabonta da ƙidaya tun 2006 ya kamata ta ji zafin wannan asara.

Sanin da mai unguwa yake da shi ma ba daga sama yake faɗo masa ba, daga gidaje yake zuwa, kuma a nan ne maganar iyali ta shigo. A tsohon tsari mai unguwa ba ya hulɗa da mutum ɗaiɗai, da masu gida yake hulɗa. Gida guda yana iya ɗaukar uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki, suna noma gandu tare, kowane saurayi yana da 'yar gayaunarsa, rumbu kuma yana hannun mai gida. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta yi bayanin wannan tsari filla-filla, ta kuma nuna yadda gandu kan watse bayan rasuwar uba. A irin wannan gida zaure shi ne majalisa. Baƙo ba ya wuce shi, kuma duk wanda ya kwana a gidan mai gida ne zai amsa tambaya a kansa. Idan mai unguwa ya san masu gida hamsin, ya san mutum dubu. Yau a unguwannin da suka tsiro a gefen Kano, irin su Rimin Kebe da Kurna da Ɗorayi da sauran wuraren awon igiya, gida ɗaya yana iya ɗaukar 'yan haya shida daga jihohi huɗu, mai gidan yana wata unguwa, dillali ne ke karɓar kuɗi. A unguwannin masu hali kuma get da doguwar katanga sun maye gurbin zaure, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba sai ranar da aka yi rasuwa. Masu kukan lalacewar tarbiyya da yawaitar 'yan daba da ƙwacen waya suna yawan ɗora laifin a kan iyaye, kuma iyaye suna da nasu kason. Amma uban da ke fita tun asuba neman abin sawa a baka, ba kawu a gidan, ba kaka, ba maƙwabcin da ke da hurumin tsawata wa ɗansa, an bar shi da aikin da dā mutum goma ke yi. Gandu ba zai dawo ba, kuma ba kowa ne ma ya ji daɗinsa ba, a tambayi ƙannen da suka yi ta noma wa yayyensu. Abin da za a iya yi shi ne a samar wa mai unguwa wata hanyar sanin jama'a tunda tsohuwar ta toshe.

Hujja mafi ƙarfi cewa hakan mai yiwuwa ne ita ce yaƙi da shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004, kuma a wannan tsakanin cutar ta bazu har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ko bayan gwamnati ta janye dakatarwar, magidanta da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa, ma'aikatan lafiya da motocinsu da lasifikarsu suka kasa. Al'amarin bai juya sosai ba sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko a 2009, ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Umarni ya gangaro ta tsanin nan har ƙasa. Gidan da aka ƙi fito da yara, mai unguwa ne ke zuwa da kansa ya yi sallama da mai gidan, su keɓe, ya ce masa nasa jikokin ma an ɗiga musu. Daga baya, da aka juya ga rigakafin yau da kullum a jihohi irin su Kano da Bauchi da Sakkwato, sai aka ba masu unguwa littafi su riƙa rubuta jariran da aka haifa, suna samun labari daga ungozoma da wanzamin da ke askin suna da limamin da ke raɗa shi, su kai wa asibitin yankin a duba wanda ba a kawo ba. Babu wata na'ura da ta kai waɗannan mutum uku sanin an yi haihuwa a unguwa. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Darasin a fili yake: da aka ba mai unguwa aiki takamaimai, da littafi, da wanda zai duba littafin, ya yi abin da ma'aikata suka gaza. Abin takaici, sai da kuɗin Bill Gates da Aliko Ɗangote suka shigo sannan aka tuna da shi.

Duk wanda ya san tarihin siyasar Arewa zai ɗaga hannu a nan, kuma ya kamata a saurare shi. Ba don nishaɗi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950 ba. Talakawa sun sha aikin tilas a gonakin masu sarauta, an shanya magidanta a rana saboda haraji, an ɗaure mutane a kotunan En'e don kawai sun halarci taron Malam Aminu Kano. A 1950 ɗin ne ma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba wanda zai kira shi mai tsattsauran ra'ayi, ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Mai wannan suka yana tsoron kada a dawo da abin da aka sha wuya kafin a kawar. Amsar ita ce abin da ya sa En'e ta zama abin tsoro shi ne haɗuwar abu uku a hannu ɗaya: karɓar kuɗi, yanke hukunci da ɗaure mutum. Ba wanda ke da hankali da zai nemi a mayar wa mai unguwa ko ɗaya daga ciki. Rubuta haihuwa da mutuwa, sanin baƙon da ya kama haya, sulhunta maƙwabta idan duka ɓangarorin sun yarda, shaida cewa an gina rijiyar da aka ce an gina, waɗannan ba su da bulala a cikinsu. Wanda bai gamsu da sulhu ba ƙofar kotu a buɗe take.

Suka ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ta yau ce. Akwai masu unguwar da suka zama dillalan filaye, a sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu da sa hannunsu a kan takardun biyun, a yanka filin makaranta ko hanyar ruwa ko gefen maƙabarta. Akwai waɗanda ke sa hannu a takardar shaida ga wanda ba su taɓa gani ba. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba an zargi masu riƙe da sarauta da haɗa baki, har gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a 2022 bisa irin wannan zargi. Ba za a share wannan da cewa ai ko'ina akwai ɓata-gari ba. Sai dai a tambaya: mutumin da ke karɓar baƙi dare da rana, yana ciyar da yaran tsintuwa, yana biyan kuɗin mota zuwa gidan hakimi da caji ofis, abin da ake ba shi a wata, inda ma ake bayarwa, bai taka kara ya karya ba, da me ake tsammani yake rayuwa? An bar shi da la'adar cinikin fili, sannan ana mamakin ya so filaye su yi ta sauya hannu. Rashin doka bai hana shi iko ba, ya dai hana a yi masa hisabi. Da akwai dokar da ta ce kowane cinikin da ya shaida sai ya shiga littafi mai lamba, kwafi ɗaya a sakatariya, da wanda aka cuta ya san inda zai kai kuka, da kuma an san laifin da za a tuɓe shi a kai. Game da ƙauyukan da ke bakin daji kuwa, dagacin da ya kai rahoto yau, gobe labarin ya koma kunnen ɓarayi, jami'an tsaro kuma suna nisan kilomita hamsin, ba adalci ba ne a auna shi da ma'aunin wanda ke kwana a birni da masu gadi.

Akwai kuma masu cewa sarautar kanta a tafin hannun gwamna take, saboda haka ƙarfafa mai unguwa ƙara wa gwamna wata igiya ce. Abin da ya faru a Kano ya ba su hujja: an raba masarautar gida biyar a 2019, an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a watan Maris na 2020, a watan Mayun 2024 wata gwamnatin ta soke dokar ta dawo da shi, hakimai da dagatai suna kallon sama suna jiran su ga wanda za su yi wa mubaya'a. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa maganar ta fi kyau a fara ta daga ƙasa, inda jama'a za su iya riƙe nasu. Ba sai an je nesa neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar, inda Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa suke da irin tsaninmu, akwai dokar da ta fayyace matsayin sarakunan gargajiya, wadda aka sabunta a 2015. Ta sa su cikin tsarin mulkin ƙasa, ta ba su hurumin sulhu a rigingimun al'ada da na gona, kuma magidanta ne ke zaɓen mai gari daga cikin waɗanda suka cancanci gadon, masu gari su zaɓi na sama da su. A Ghana kundin 1992 ya tabbatar da sarauta amma ya haramta wa mai riƙe da ita shiga siyasar jam'iyya. Ba a ce waɗannan ƙasashe sun rabu da katsalandan ba, amma mai garin da magidanta suka zaɓa yana da wuyar turawa fiye da wanda aka naɗa da takarda daga sama. Zaɓen magidanta zai kuma rage kaifin ƙorafin cewa gado ba cancanta ba ne. Sai dai a yi hattara da kalmar magidanta, don a kowace unguwa akwai zawarawa da gwauraye mata da ke riƙe da gida su kaɗai, akwai kuma ɗan haya da ya shekara ashirin a wurin. Idan aka bar su a waje an maimaita tsohon kuskure.

Abin da ake bukata bai kai gyaran kundin tsarin mulki ba, wanda aka yi ta alkawarin zai ba sarakuna gurbi ana ɗagawa. Harkar masarautu da tsarin ƙananan hukumomi duka suna ƙarƙashin dokokin jiha, saboda haka majalisar dokokin kowace jiha tana iya yin wannan a zama kaɗan. Ta rubuta ayyukan mai unguwa da iyakarsu, ta yanka masa albashi daga kason ƙaramar hukuma wanda zai shiga asusunsa kai tsaye ba ta hannun kowa ba, ta hana shi la'adar fili da yawon kamfe, ta ƙayyade yawan gidajen da mutum ɗaya zai riƙe don a raba unguwannin da suka kumbura. Sannan ta wajabta wa kansila zama da masu unguwannin mazaɓarsa a bainar jama'a, tare da limamai da shugabannin mata da na matasa da 'yan sintiri, kafin a rubuta kasafin shekara, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai mai unguwar wurin ya shaida aikin yana nan. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ciyamomi za su fi ƙi, shi ne kuma ya fi amfani, domin rijiyar burtsatse ta bogi tana iya wucewa a takarda amma ba ta wucewa a gaban mutumin da matan unguwa za su tsare gobe su tambaye shi ina ruwan.

'Yan majalisun jihohi da suka iya raba masarauta ko haɗe ta cikin kwana biyu ba za su ce wannan ya fi ƙarfinsu ba. Ƙungiyoyin ci gaban unguwanni da na tsofaffin ɗalibai da malaman da ke da mumbari su daina tsayawa kan kukan ina kuɗin ƙaramar hukuma suka shiga, su rubuta wannan bukata su kai wa ɗan majalisar mazaɓarsu, su kuma tambaye shi matsayinsa a kanta kafin ya dawo neman ƙuri'a.